"Ya yi caji": waya ake nufi, ko kai, ko kotu?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Yau kalma ɗaya nake so mu zauna a kanta: caji. Ku dubi waɗannan jimloli. "Wayar ba ta da caji." "An kai shi caji ofis." "Cajin ya yi yawa, a rage." "Kaina ya ɗau caji." "Yaron nan ya yi caji." Ta ƙarshen ce ta fi damuna, domin ana faɗarta ga wanda ya sha ƙwaya, ana kuma faɗarta ga wanda murna ta cika shi har ya kasa zama wuri ɗaya. Ta yaya mai sauraro zai gane wacce ake nufi? Malama Rabi, ke ce ta nahawu, bismillah.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Mu fara daga tushe. Kalmar aro ce daga "charge" ta Turanci, kuma ta bi hanyar da 'yan uwanta suka bi. Hausa ba ta barin kalma ta ƙare da sautin c ko j, sai ta liƙa mata wasalin i a wutsiya. Shi ya ba mu benci, coci, inci, maci, canji, gareji. Harafin r kuwa ya faɗi ne saboda Turawan Ingila da aka ji kalmar a bakinsu ba sa furta shi a wannan gurbi, jan wasalin kawai suke yi. Ma'anonin kuɗi da kotu da batir duk tare da kalmar suka zo. Na kai da na maye su ne Bahaushe ya ƙara faɗaɗawa da kansa, kuma a ganina daga batir ya ɗauko hoton.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayan ta shigo ba ta zauna a matsayin baƙuwa ba. Mun sa ta cikin azuzuwan aikatau, waɗannan bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960. Muna cewa "ya caja waya", "ya caji fasinja", "ya caje shi", "wayar ta caju". Duk kalmar da ta kai ga karɓar -u na aji na 7 ta zama 'yar gida.

Oga Sani: Malama, na yarda daga batir ne, kuma in kun san yadda batir yake aiki za ku ga duk maganganun da ake yi wa mutum daga can aka kwaso su. Batirin waya na litiyam idan ya cika yana kai volt 4.2, yana aiki a wajen 3.7, in ya gangaro kusa da 3 wayar ta ɗauke. Daga sifili zuwa kamar kashi 80 yana shan wuta da sauri, daga nan sai caja ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan don kada ya yi zafi. To a bakin masu gyara akwai kalmomi daban ga kowane hali. "Yana ɗaukar caji" na nufin wuta tana shiga. "Ba ya riƙe caji" na nufin tana shiga amma ba ta zama, batirin ya tsufa. "Cajin ƙarya" shi ne ya nuna maka 100, ka cire caja, minti goma ya faɗo 40. Sai kuma kumbura: zafi ko caja marar kyau ta lalata cikinsa, iska ta taru, har ya ɗaga murfin baya ko ya turo gilashi. Wanda ya kumbura ba a huda shi, ba a danna shi, cire shi ake yi.

Yanzu ku saurari yadda ake magana a kan mutum: "ya ɗau caji", "cajinsa ya sauka", "ya koma caji". Ba wata sabuwar magana a ciki.

Abba: Oga Sani ya faɗi daidai, amma Malam Habu, da izininka, akwai abin da manya suke kuskure a kai. Ba kullum ake nufin shaye-shaye ba. Idan ƙungiya ta dawo daga hutun rabin lokaci ta hana abokan karawa sakat, ana cewa sun dawo da caji. Idan mai waƙa ya hau dandamali mutane suka miƙe, wurin ya ɗau caji. Wanda ya ci jarrabawa yana ta kiran 'yan uwa a waya, shi ma yana cikin caji. Ba wanda zai ji wannan ya kawo ƙwaya a ransa.

Malam Habu: To Abba, faɗa mana inda iyakar take. Me kake ji a jimlar da zai sa ka ce wannan murna ce, wancan maye ne?

Abba: Aikatau ɗin da ya zo kafin kalmar nake saurara, Malam. "Ɗau caji" ya fi tafiya da wuri, ko taro, ko kai. "Da caji" ko "cikin caji" ƙarfi ne da karsashi. Amma "ya yi caji" haka tsurarsa, a kan mutum ɗaya, ba a ambaci dalili ba, kuma mai maganar ya ɗan rage murya, to wannan sha ne. Haka "ya je caji" ko "bari ya yi caji tukuna": in babu waya a hannunsa, ka san inda aka dosa.

Malama Rabi: Abba ya taɓo ainihin wurin. Maganar "ba a ambaci dalili ba" ita ce mabuɗin. Murna tana zuwa da sababinta a baki: an yi masa haihuwa, ƙungiyarsa ta ci, an biya shi. Maye kuwa sababinsa ake ɓoyewa, shi ya sa ma aka nemo kalmar tun farko. Kalmar sakayawa ce, kamar yadda ake cewa "ya riga mu gidan gaskiya". Duk inda ka ji an bar gurbin dalili a buɗe, gurbin ne yake ba ka ma'anar.

"Kaina ya ɗau caji" kuma wani abu ne na uku, kada a haɗa shi da biyun can. Ba daɗi a cikinsa. Lissafi ya cakuɗe, ko an tara maka magana fiye da yadda za ka iya ɗauka, ko rai ya fara ɓaci. Ya fi kusa da "kaina ya ɗau zafi", wato batirin Oga Sani da ke shirin kumbura. Amma "caja ƙwaƙwalwa" yabo ne: tambaya ce mai sa tunani.

Barista Ladan: Ku ba ni dama in shigo da wadda ta fi jawo ɓarna a aikace, wato "an caje shi". Jimla ɗaya a rubuce, ma'ana uku. An lalube aljihunsa da jakarsa. An yanka masa kuɗi. An karanta masa tuhuma a gaban alƙali. Idan dangi suka kira lauya suka ce "an kama shi an caje shi", tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce: a ina? In a bakin titi ne ko a kantar ofishin 'yan sanda, lalube ne, ba a kai ga tuhuma ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin sashe na 35 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Dangin da suka ɗauka "an caje shi" na nufin an riga an gurfanar da shi sai su zauna suna jiran ranar zama, alhali ko takarda ba a shigar ba. A rubutun aiki a ce "an tuhume shi" ko "an bincike jikinsa", a bar caje wa hira.

Malama Rabi: Barista, a baki ma akwai bambanci, rubutunmu ne ba ya nuna karin sauti. Na kuɗi da na kotu aji na 2 ne, murya tana farawa ƙasa ta hau. Na lalube aji na 4 ne, tana farawa sama ta sauko, kuma yana ɗauke da ma'anar ƙurewa, kamar share, wanke, ƙone. Matsalar tana tasowa ne a saƙon waya, inda babu murya.

Irin wannan ce take faruwa da bugu. Bugu na duka, sama sannan ƙasa. "Ya bugu", ƙasa sannan sama, aji na 7: abu ya sha aikin har ya kai maƙura. Shadda ta bugu, ƙarfe ya bugu, mutum ya bugu. Ku lura da hikimar da ke ciki: wanda ya bugu an yi masa ne, abin da ya sha ne ya buge shi. Wanda "ya yi caji" kuwa shi ne mai aikin, kamar ya ƙara wa kansa wani abu mai amfani.

Malam Idi: Malama, nan ne nake da ja da wannan kalma, kuma ina ganin ba a ɗauke ta da nauyin da ya kamata ba. Hausa ba ta rasa sunan wannan hali ba. Muna da maye. Muna da buguwa. Muna da "ya yi tatul", "ya yi mankas", "ya yi marisa", "yana layi", "yana tangaɗi". Kowacce ka ji ta ka ga mutum a wulaƙance, kuma ba mai so a kira shi da ita. Ita kuwa caji ta zo da hoton abu mai kyau. Wa yake ƙin waya mai caji? Yaro ya ji ana cewa ɗan ƙwallo yana da caji, ya ji ana cewa mai shan ƙwaya ya yi caji, a kunnensa gida ɗaya suka fito. A shari'a ma'aunin bai canja ba. Aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana mai maye kusantar salla har sai ya san me yake faɗa. Idan hankali ya gushe maye ne, ko da wane suna aka yi masa ado.

Abba: Allah gafarta Malam, gaskiya ne, amma ba a hana kalma da umarni. Kuma su kansu masu faɗarta suna da mai kaushin. Idan abin ya wuce misali ba sa cewa caji, cewa suke "a cake yake" ko "ya caku". Wannan ba a taɓa faɗarta ga mai murna. Ba za ka ce ango a cake yake ba sai in faɗa kake nema.

Oga Sani: Ni a ganina caku daga caji ta fito, an ɗan murɗa ta ne.

Malama Rabi: A'a Oga. Da daga caja ce da "ya caju" za a ce, kuma ana faɗar hakan. Caku da cake suna da k, sun fi dacewa da caka, wato soka abu mai tsini. Kamannin sauti ne ya sa suka zama maƙwabta a bakin matasa. Ma'anarsu ta fi karkata wajen bugu: abu ya shige shi ya kafe shi.

Sista Hauwa: Na bari kun gama nahawun ne kafin in sa baki, don abin da zan faɗa ya shafi rai. A wurin ma'aikacin lafiya, "ya yi caji" ba ta ba da bayanin komai. Ta haɗa halaye biyu masu kishiyantar juna a jaka ɗaya, kuma taimakon da ake ba kowanne daban ne.

Akwai abubuwan da suke zaburar da jiki, irin hodar iblis. Baƙin ido yana buɗewa, zuciya tana wuce bugu 100 a minti, gumi, surutu, rashin barci, jiki ya yi zafi. Wannan ne ya yi kama da caji na gaske. Sai masu danne jiki: kodin, tramol, giya, ƙwayoyin sa barci. Su ba ƙara wuta suke yi ba, rage ta suke yi. Ɗan sakin jiki da surutun da ake gani da farko, birkin ƙwaƙwalwa ne ya saki. Da kodin da danginsa baƙin ido yana tsukewa ya koma kamar kan allura, magana ta ja, kai ya riƙa faɗuwa. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ka sa agogo ka ƙirga ɗagawar ƙirjinsa minti ɗaya cur. In ya gaza 12 akwai matsala, in ya gaza 8 ko leɓe ya fara canja launi, ko yana wani minshari mai kama da kurkure, wannan ba barci ba ne, numfashi ne yake tsayawa. Akwai allurar naloxone da take warware wannan cikin mintuna, amma sai an kai shi inda take.

Tramol yana da nasa sharrin na daban. Iyakar da likita yake ba babba a yini ita ce miligiram 400, a rarrabe. Waɗanda ake sayarwa a ɓoye akwai masu 225 a ƙwaya ɗaya, biyu kawai sun haye iyaka. Abin da yake biyo baya sau da yawa jijjiga ce irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. In aka haɗa shi da giya ko ƙwayar barci, danniyar numfashin ninkuwa take yi.

Malam Habu: Sista, to wanda ya tarar da mutum a wannan hali, me zai yi kafin a samu mota?

Sista Hauwa: Ya kira sunansa da ƙarfi, ya girgiza kafaɗarsa. In bai amsa ba amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefe: hannun da ke kusa da kai a miƙe, ɗaya hannun a ƙarƙashin kumatunsa, gwiwar sama a lanƙwashe don kada ya kife, a ɗan ɗaga haɓa. Dalili shi ne in ya yi amai ya zubo waje. Wanda aka bari a rigingine amansa ne yake komawa huhu. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya daidai. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. In yana jijjiga kada a danne shi, kada a cusa cokali a bakinsa, a kawar da abin da zai buge shi, a duba agogo. Ta wuce minti biyar, gaggawa ce. A ɗauki fakiti ko kwalbar da aka gani kusa da shi a tafi da ita. Kuma kada a kulle shi a ɗaki a ce "bari cajin ya sauka". Wannan jimlar ta Oga Sani daidai take a kan waya, a kan mutum kuwa ita ce take sa a dawo da safe a tarar da gawa.

Ɗaya gefen kuma ya fi ba ni tsoro. Akwai cututtukan da suke sa mutum layi da jan magana bai sha komai ba. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi ƙasa da 70 zai yi gumi, ya rikice, ya yi faɗa, ka rantse a buge yake. Mai shanyewar ɓarin jiki: ka ce ya yi murmushi ka ga baki ya karkace, ya ɗaga hannu biyu ka ga ɗaya yana zamewa. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe masa jijiyar ƙwaƙwalwa yana da wa'adi, awa huɗu da rabi daga farawar alamun. Wanda ya bugu a kai a hatsari ma haka. Da zarar wani a cikin taron ya ce "ƙyale shi, caji ne", an daina kallonsa a matsayin marar lafiya, musamman in matashi ne.

Barista Ladan: Abin da Sista ta faɗa shi ne dai ƙa'idar shaida. Mai shaida ya ce "ya yi caji", lauyan ɗaya ɓangaren zai tambaye shi: ka ga lokacin da ya sha? Me ya sha? In amsar a'a ce, maganar ta zama zato. Abin da yake tsayawa shi ne na ga idonsa ja, na ji wari kaza, ya kasa tsayawa, ya faɗi sau biyu. Kuma jifan mutum da ita a bainar jama'a ba tare da hujja ba na iya zama ɓata suna, ba za ka tsira da cewa "murna nake nufi" ba in duk wanda ya karanta ya fahimci sha.

Malam Idi: To kun ga abin da nake faɗa. Gwamnati ta kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tun 1989, ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma sunan da ake kiran abin da shi a bakin yara sai ƙara laushi yake. Ba na cewa a daina ce wa fili ya ɗau caji. Ina cewa uba da malami da mai wa'azi, in suna maganar sha, su kira shi maye.

Malama Rabi: Malam, ko maye ɗin ma ba ta tsira daga aro ba. Muna cewa giyar mulki ta ɗebe shi, giyar kuɗi tana ɗibarsa. Harshe ya daɗe yana ɗaukar hoton abin sha ya ɗora wa duk abin da ya fi ƙarfin mutum. Bambancin da na yarda da kai a kansa shi ne alkibla: giyar mulki ta ɗauko muni daga sha ta kai wa mulki, caji kuwa ta ɗauko kyau daga batir ta kai wa sha. Ga mai rubutu, kalmomin murnar suna nan ba su ƙare ba, kuma kowacce da inda ta fi zama. Ɗoki na abin da ake jira ne. Zumuɗi ɗoki ne da ya fito fili har ya sa gaggawa. Shauƙi ya fi shafar zuciya da bege. Karsashi na aiki ne. Taro kuma "ya ɗau harami".

Abba: Anti Sista, tambaya ɗaya. Wanda aka kai asibiti, in 'yan rakiya suka faɗi gaskiyar abin da ya sha, ba za a haɗa su da hukuma ba? Don wannan tsoron ne yake sa a tsaya a "ya ɗan yi caji ne" a ƙi ƙarawa.

Sista Hauwa: Ƙanena, mai duba shi ba neman laifi yake yi ba, so yake ya san wace allura zai ɗauko. Abu huɗu yake buƙata daga bakinku: sunan abin ko fakitinsa, guda nawa, ƙarfe nawa ya sha, da me ya haɗa. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku faɗi lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, da ko yana da suga, hawan jini ko farfaɗiya. Ko naloxone ɗin ma aikinta yana iya ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90 alhali ƙwayar tana nan a jini, shi ya sa in ya farfaɗo ya ce zai tafi gida, ku taya mu riƙe shi.